Dim Ta Rasu, Ta Bar Mu da Ful

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu a ƙarƙashinsa da ya fi baƙin ciki ɗaci, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da abokan sana'ata masu gyaran keken ɗinki, da duk wanda ya taɓa gamuwa da ni a hanya bayan faɗuwar rana, rasuwar ƙaramar fitilar motata, wadda direbobi suka fi sani da Dim. Ta rasu da almuru, a gangaren da ke sauka zuwa gada, bayan gajeriyar jinya wadda ba ita ta jawo wa kanta ba. Ina riƙe da sitiyari lokacin da ta cika.

Ba zan ja mata kalmomin da ake ja wa mamatan gaske ba. Na san bambancin rai da waya. Amma na zauna zaman makokin mutane da yawa inda aka yi ta laluben abin yabo a rayuwarsu, aka rasa, aka ƙare da cewa ai mamacin ba ruwansa da kowa. Marigayiya ba ta bukatar wannan rufin asiri. Ita da ruwanta da kowa. Duk wanda ya taho daga gabanmu, mai babbar mota ne ko mai keke, sai ta sunkuyar da kai ta bar masa idonsa ya wuce da abinsa.

Saboda waɗanda ba su taɓa tuƙi ba, da waɗanda suke tuƙi amma ba su taɓa sanin tana raye ba, waɗanda su ne suka fi yawa, bari in faɗi ko wace ce. A cikin gilashin fitilar gaban mota 'yan'uwa biyu ne ke zaune. Akwai babban wa, Ful, mai hangen nesa, wanda ba ya iya duban abu sai ya zura masa ido. Akwai ƙanwarsa Dim, mai kallon ƙasa, wadda take nuna maka kwalta da ramukanta da bakin hanya, ta tsaya nan. A gefen sitiyari akwai 'yar sanda da ake taɓawa da yatsu biyu a zaɓi wanda zai yi aiki a cikinsu. Yatsu biyu kawai. Na sha auna wannan aiki da sauran ayyukan da ɗan Adam ke yi da hannunsa. Ban samu wanda ya kai shi sauƙi ba, ban kuma samu wanda ake ƙyashin yi kamarsa ba.

A cikin motar na same ta lokacin da na saya, ita ma motar ba ni ne na fara hawanta ba. Haskenta ruwan zuma ne, ba ya ƙarfi, ba ya kuma gazawa. Magana ɗaya ta sani a duniya. In ka ja sandar sai ta ce "ƙyat", shi ke nan. Da sanyi takan ɗan yi nauyin baki ta ce "ƙ-ƙyat", kamar tsohuwar da aka tasa daga gyangyaɗi ta amsa gaisuwa. Shekara da shekaru ban ji ta ƙara kalma a kan wannan ba. Na zauna da masu dogon jawabi, ban ga wanda jawabinsa ya yi wa jama'a amfanin wannan 'yar kalmar ba.

Babban aikinta shi ne rakiyata wurin Inna. Mahaifiyarmu tana zaune a hayin gada, a ɗakin da ta ce ba za ta bar shi ba sai an fitar da ita. Idanunta sun tsufa, likita ya ce a riƙa ɗiga mata magani kowace yamma, hannunta kuma rawa yake. Ba ta yarda kowa ya taɓa mata ido sai ni. Ta ce matata tana ɗigawa da tsoro, Auta kuwa, wato ƙanena, yana ɗigawa kamar mai ban ruwa a lambu. Don haka kowace rana in na rufe shago na goge man keke daga yatsuna, sai in kama hanya. Kwalbar maganin tana cikin wani tsohon kofi marar hannu, a kan kabad, bayan rediyo. Inna takan jingina kai a kujera ta fara ba ni labarin wanda ya ɓata mata rai a ranar, ni kuma in riƙe mata fatar ido in jira ta ja numfashi. In tafi da sauran haske, in dawo duhu ya sauka. Wannan tafiya ba ta da fashi. Ita ce ta sa rasuwar nan ba abin dariya ba ce, ko da yake labari ya iso mini cewa ana dariyar.

Hanyar siririya ce, motoci biyu sai sun matsa wa juna. Da damina, in an ɗauke ruwa da yamma, wani farin hazo kan taso daga kogi ya kwanta a kan gadar har ƙarfen gefenta ya ɓace. A nan marigayiya ta koya mini abin da ban samu a tsofaffin littattafan da nake saye a bakin titi ba. In ka kunna Ful a cikin hazo, haskenka ne zai daki farin ya dawo maka a fuska. Ka gina wa kanka katanga da batirinka. Dim ce, tare da tagwayen fitilun hazo, 'yan rawaya da ke ƙasa kusa da tayoyi, take rarrafawa ta ƙarƙashinsa ta nuno maka inda kwalta ta ƙare. Mai girman kai bai san wannan ba. Da ya ji ba ya gani sai ya ƙara haske, da ya ƙara haske sai ganin ya ragu, sai ya zagi hanya.

Ta kuma koya mini cewa fitila ba don ka gani kawai aka yi ta ba, har don a gan ka. Akwai jaruman da ke ratsa ruwan sama da hazo ba ko ɗigon haske a jikin motarsu, in ka yi magana su ce ai suna gani. Madalla. Su suna gani. Mu kuma sai mu yi duba mu san suna tafe.

Matata takan raka ni wani lokaci. In wani ya dalle mu da fitila ya ƙi ragewa, sai ta dafe ido ta ce, "Malam, rama mana. Kai ba ka da irin tasa ne?" Ina da irin tasa. Amma na daɗe ina juya abin a raina. In na rage, shi bai rage ba, makaho ɗaya ne a kan gada, wato ni. In na rama, makafi sun zama biyu, kowanne riƙe da tulin ƙarfe yana tunkarar ɗan'uwansa. Makaho ɗaya ya fi makafi biyu, ko da ni ne makahon. Matata ta ce wannan tunanin wanda ya saba da a cuce shi ne. Wataƙila. Kada dai wani ya ɗauka ni ne mai haƙurin. Gilashin motata ya san abin da bakina ke faɗa game da iyayen masu fararen fitilu. Marigayiya ce mai haƙurin. Ni ina zagi, ita tana sunkuyawa, a haka muka zauna lafiya.

Jinyarta ta fara ne da alheri, wannan kuwa shi ne abin da ke cin raina. Motar Auta ta kwanta a gareji, ya zo aron tawa. Ƙane ne, ba a hana ƙane. Ya ɗauka da safe, ya ce zai dawo da ita kafin lokacin Inna, ya kuma cika alkawari. Sai dai Auta mutum ne da ba ya mayar da kwano wayam. Ya shigo shago ina tsakiyar kwance kan wani keke, ya ajiye mini makulli a kan tebur yana murmushi, ya ce, "Yaya, yau na fitar da kai kunya. Wannan aci-balbal da kake yawo da ita ta yi ritaya. Yanzu in ka kunna, ɓera a bayan gari sai ka ƙirga gashin bakinsa."

Na fita na duba. An cire wa 'yan'uwan biyu ƙwayayensu na asali, an sa musu wasu farare masu cin wuta kamar murhu. A gaban motar kuma an ɗaura wata doguwar fitila mai jerin idanu, irin wadda samari ke sa wa motocinsu don su mai da dare rana a fuskar bayin Allah. Wutar wannan dodon, kamar yadda na gano daga baya, daga jijiyar Dim aka jawo ta. Tsohuwa mai siririyar waya aka ɗora wa kayan da ƙato ba zai ɗauka ba.

Da an cuce ni da gangan da na san inda zan ajiye fushina. Amma yaya ake yi da wanda ya kashe maka abu yana jiran godiya? Na ce masa an gode. Na faɗa da haƙora a haɗe, amma na faɗa. Da na shiga lungun Inna a yammacin nan, masu zama a ƙofar gida suka watse kamar an jefa musu dutse, Inna kuwa ta tare ni da cewa, "Wane ne ya zo mini da walƙiya ba hadari?" Da na ba ta labari sai ta ce kada in kunyata ƙanena, in bari a kwana biyu in cire a hankali. A hanyar dawowa fiyus ya ƙone.

A nan wajibi ne in tsaya in yi wa fiyus adalci, don shi ma mamaci ne, kuma ba wanda zai rubuta masa sanarwa. Fiyus ɗan ƙaramin abu ne da aka yi shi don ya mutu. In wuta ta yi wa waya yawa, shi ne ke narkewa ya yanke hanya, don abin da ke bayansa ya tsira. Ba shi da wani aiki sai wannan. Ya yi shi kuwa ba tare da an roƙe shi ba.

Washegari na kai motar wurin wanda ya yi aika-aikar, wani mai gyaran wayar mota da ake kira Na-Gane. Rumfarsa tana tsakanin mai facin taya da mai walda, ƙasa baƙi ƙirin da tsohon mai, tarin wayoyi rataye a ƙusa kamar hanjin dabba. Na ce masa ina so a mayar mini da motata yadda take. Ban rufe baki ba ya ce, "Na gane, Baba, na gane. Zauna a benci." Ya zura kai ƙarƙashin sitiyari, ƙafafunsa a waje suna kaɗawa da kiɗan rediyo. Jim kaɗan ya fito yana kaɗe hannu, fitila ta kawo. Ya ce tsofaffin ƙwayayen an zubar, zai nemo mini irinsu, in leƙo ƙarshen mako a cire komai gaba ɗaya. Bai gaya mini abin da ya yi a ƙarƙashin can ba. Sai bayan rasuwa, da wani ya buɗe wurin, muka ga ya murɗe zaren tagulla mai kauri ya cusa a gurbin fiyus. Ya cire wanda ya yarda ya mutu, ya sa wanda ba ya mutuwa. To, wuta ba ta fasa neman wanda za ta ci. In mai gadi ya ƙi ƙonewa, mai gida za ta kama.

Ba ta kai ƙarshen makon ba. Ina gangarowa gada, an ɗan yi yayyafi, sai na ji wari kamar gashi a wuta. Wata mota ta ɓullo daga hayi. Na ja sanda kamar kullum. Ba ta ce "ƙyat" ba. Ta ce "tsss", a hankali, kamar an ɗiga ruwa a kan dutsen guga. Wani siririn hayaƙi ya taso tsakanin gwiwoyina, hanya ta yi baƙi. Na tura sandar gaba, Ful ya buɗe idonsa tangararan kamar ba abin da ya faru a gidansu.

An yi iya ƙoƙari. Masu gyara daban-daban sun duba, kowanne ya fara da zagin wanda ya riga shi, sannan ya girgiza kai. Wutar ta bi jijiyar ta narke ta tun daga sanda har cikin gilashi, ta manne ta da maƙwabtanta. Wani ya ɗaura mini makunnin fitilar ɗaki a ƙarƙashin rediyo, ya yi yini biyu shi ma ya yi hayaƙi. Masu tsofaffin kayan mota kuwa in na faɗi shekarun motar sai su kira na kusa da su ya zo ya ji. Wanda ya fi su gaskiya ya ce mini in aka buɗe cikin motar nan don canja wayoyi, babu mai iya rufewa. Na yarda da shi. Ni ma ina da kekunan da nake gaya wa masu su haka.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai wani mutum mai tuƙa tankar ruwa. Ban san sunansa ba, ban taɓa ganin fuskarsa da rana ba. Na san shi da fitilarsa ta hagu da ta ɗan karkace. Shekaru muna haɗuwa kusa da gada, ni ina dawowa daga wurin Inna, shi yana komawa da tanka wayam. Tun daga nesa zai rage, in rage, wani lokaci ni in riga shi, har abin ya zama 'yar tsere tsakaninmu ta wa zai fara. In mun zo daidai juna kowa ya ɗaga hannu a cikin duhu, ba tare da tabbacin ɗayan ya gani ba. A duk hanyar nan shi kaɗai ne ban taɓa zagi ba.

Kwana kaɗan bayan rasuwa muka haɗu. Ya rage. Na ja sanda, ba kowa a gida. Ya jira. Ya ƙifta mini fitila, wato yana tuna mini. Ya sake ƙiftawa. Ina zaune a bayan wannan farin bala'i ina kallon gilashinsa ya zama madubi, na san abin da idonsa ke sha, don na sha shi sau ba adadi. Da na kashe fitilar gaba ɗaya da na faɗa kogi. Sai ya ɗaga tasa duka, abin da bai taɓa yi mini ba. Da ya zo daidai ni ya rage gudu, ya leƙo ta taga, ban ga komai ba sai inuwa, na ji wata murya mai kauri ta ce, "Haba tsoho. Kai ma ka lalace?" Ya wuce. Wannan ne karo na farko da na ji muryarsa.

Marigayiya ta rasu ta bar yayanta Ful, wanda bai zubar da hawaye ba, kuma tun ranar yake cin gadonta shi kaɗai. Ta bar tagwayen fitilun hazo, waɗanda daga hannunta suke cin wuta, don haka ba su ƙara buɗe ido ba. Likitocin gareji sun ce lafiyarsu lau, maraici ne. Ta bar 'yan'uwanta na nesa, sigina ta dama da ta hagu, waɗanda a motocin mutane da yawa suka riga ta mutuwa saboda rashin ziyara. Ta bar jajayen fitilun birki, ta bar 'yar fitilar rufi wadda ba ta taɓa cutar kowa ba don ba ta da ƙarfin yi. Ta bar kawunta hon, mai babban baki, wanda ya ɗauka kowace matsala ta duniya ihu ne maganinta. Doguwar fitilar nan ta gaba ba danginta ba ce. Na kwance ta da hannuna, tana bayan shago a kife, kaji suna hawa.

Game da ta'aziyya, iyalan marigayiya suna da sharaɗi. Ba ma karɓar gaisuwa daga wanda ke biyo mutum a baya ya manna masa Ful a madubi, kamar mai neman ɓarawo a cikin ƙeyarsa. Ba ma karɓa daga wanda ke kunna fitilun hazo sama tana tas, taurari a waje, don kawai motarsa ta yi kama da gidan biki. Ba ma karɓa daga mai babur ɗin da fitilarsa ke kallon sama kamar mai neman wata, ko daga wanda ba ya ragewa sai ya riga ya gama da idonka, ya zo daidai kai sannan ya yi "dim" don a ce ya yi. Shi wannan na ƙarshe ya fi ba ni haushi, don ya san daidai, lissafin lokaci kawai yake yi yadda zai ci ladan ladabi ba tare da ya rasa komai ba. Waɗannan duka kada su wahalar da kansu. Ba su gaishe ta tana raye ba.

Na-Gane ya aiko a ce mini ƙaddara ce. Na aika a ce masa na gane.

Saura Auta. Na yi ta auna laifin, na ɗora shi a wannan hannu na mayar a wancan. Na-Gane ne ya murɗa tagulla, amma shi jahilci ne sana'arsa, kowa ya sani. Auta bai taɓa waya ba, niyyarsa ma fara ce kamar fitilar da ya sayo. To amma me ya sa bai tambaye ni ba? Saboda bai taɓa zuwa masa a rai cewa mutum zai iya zaɓar ƙaramin haske da gangan ba. A wurinsa duk wanda ya sunkuya, rashin ƙarfin miƙewa ne. Shekara nawa yana zama a gefena a motar nan yana jin "ƙyat", ashe duk tausayina yake ji. Wannan ne ban iya haɗiyewa ba. Inna ta ce, "Yanzu kai da ƙanenka za ku ɓata a kan ƙwan fitila? Ku da kuka sha nono ɗaya?" Na ce mata ba mu ɓata ba. Ta ce to me ya sa hannuna ke da nauyi a idonta kwanan nan.

Shi kuwa da ya ji labari ya zo da tayinsa. Motarsa ta fito daga gareji, ya ce, "Yaya, ajiye wannan akwalar. Ni zan riƙa kai ka kullum, ka zauna kamar mai gida." Na gwada sau ɗaya. Na zauna a gefensa yana tsaga duhu da idanu shida, masu keke suna sauka daga kwalta suna kare fuska da hannu, wata mata da tulu ta tsaya cak ta juya baya har muka wuce. Shi yana ba ni labarin kasuwa. Da muka isa na fahimci cewa mai yanka da mai riƙe ƙafa duk hannunsu jini ne. Na gode masa, wannan karon da baki a buɗe, na ce ba zan ƙara ba.

To ga inda aka tsaya. In na daina fita bayan faɗuwar rana, idon Inna zai kwana ba magani. In na ci gaba da fita yadda nake, zan tsare idon uwata da idanun 'ya'yan wasu, kowace yamma, tun daga hayi har gida. Na nemi wanda zai ce mini ɗaya daga ciki halal ne, duk wanda na tambaya sai ya ce ai kowa haka yake yi. Ban tambaye su abin da kowa ke yi ba.

Saboda haka ga yadda aka tsara jana'iza.

Za a yi ta ranar Asabar da yamma a bayan shagona, wurin doguwar katangar nan ta ma'ajiyar katako. Abin da ya rage na marigayiya, wato narkakkiyar sandar da guntun baƙar waya, an naɗe shi a ƙyallen goge keke. Za a sa shi a gwangwanin allura, a ajiye a aljihun teburina na ƙasa, inda nake ajiye abin da ba ya gyaruwa kuma ba a iya yar da shi. Fiyus zai kwanta a gefenta. Ba za a yi jawabi ba, don ita ba mai son surutu ba ce.

Da rana ta faɗi za a juyo da motar ta fuskanci katanga. A bayan kowace fitila akwai ƙusoshi masu murɗawa da ke ɗaga ta ko sunkuyar da ita. Wannan aikin sukuddireba ne, ba na waya ba, don haka ba na bukatar kowane gwani. Za a kunna Ful, a murɗa shi ƙasa har haskensa ya daina kai wa fuskar mutum, a bar shi a haka har ƙarshen ransa. Abin da ƙanwarsa ta yi shekaru tana yi don kunya, shi zai yi shi don dole. Ko ladabin dole ladabi ne, wannan tambaya ce da zan ci gaba da taunawa a hanya. Na san dai farashinsa. Ba zan ƙara hango nesa ba, ko hanya ba kowa. Zan riƙa tafiya kamar mai neman allura, in isa gida a makare.

Ana bukatar mutum ɗaya da zai zauna a kan kujera a jikin katangar, daidai tsayin direba, ya fuskanci motar ido a buɗe, don a san lokacin da hasken ya sauka yadda ya kamata. Iyali sun zaɓi Auta. Zai zauna a nan har sai ya iya ganin fuskata ta bayan gilashi ya faɗi ko murmushi nake ko a'a. Ƙusoshin sun yi tsatsa, ni kuma ba mai gaggawa ba ne a aiki. In ya tashi daga kujerar, magana ta ƙare tsakaninmu, ba zan ƙara tayar da ita ba, ko a gaban Inna ko a bayanta.

Masu halarta su ajiye motocinsu a bakin titi su ƙaraso da ƙafa. Daga ranar Lahadi, wanda ya tarar da wata tsohuwar mota tana rarrafe a gangaren gada tana kallon ƙasa, ya yi haƙuri ya wuce ta hagu, kada ya sa kawu hon a maganar. Wanda kuma ya taho daga gaba ya rage mini fitila, ya jira, bai ji amsa ba, kada ya ɗauka girman kai ne. Na gani, na kuma gode. Mai amsawar ce ta rasu.